Fatar Mazo a Burgamin Mode

Duk Ƙofar Rini ba wanda bai san Mode majemi ba, ko da da hanci ne, domin kafin ya yi sallama warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata ya riga shi shiga. A majema aka haife shi, lokacin ganuwar Sakkwato ba ta daɗe da tashi ba, a majema kuma ya yi furfura. Ka rufe masa ido ka miƙa masa fata, shafa ɗaya zai gaya maka ta barewa ce ko ta gada, har da kasalar wanda ya feɗe ta. Abu ɗaya ne zuciyarsa ba ta ɗauka, ya ga fata mai kyau tana lalacewa. Ya taɓa tsallake dangar maƙwabci don kawai ya gyara fatar ragon da aka shanya ba daidai ba.

Amma fa Mode matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Bai taɓa wuce Dundaye, ƙauyen da ke nan bayan gari, ba. Matarsa Balaraba takan ce ko zakara ya harare shi sai ya nemi tsari. Namun daji kuwa duk ya san su, sai dai a shimfiɗe, ba kai ba ƙafa.

Mai kawo masa fatun shi ne tsoho Bawa, maharbi mutumin Dundaye, wanda tun uban Mode na raye yake zuwa majemar. Wata shekara a ƙarshen kaka, gero ya shiga rumbu, sanyin safiya ya fara cizo, Bawa ya kawo fatar mazo, ja mai fararen zane. Mode ya daɗe yana shafa ta.

Ya ce, "Baba, wai in mazo shina tahiya, zanen ga na jikinai motsi shikai?"

Bawa ya yi dariya har ya ƙware. "Kai ɗan majema! Shekara arba'in kana shahwar bayansu, ba ka taɓa ganin idonsu ba. Shirya, jibi mu tahi Duwatsun Bika. Kwana biyu zuwa, wuni guda bisa, mu komo. Ba halbi za mu ba, kallo za mu."

Mode ya so ya ce a'a, kunya ta hana shi. Balaraba ta cika masa burgami da dakuwa da ƙuli-ƙuli, shi kuma ya jefa wuƙar fiɗa a ciki, don ko masallaci ba ya zuwa ba ita.

Rana ta uku da hantsi suka bar jakinsu a wani ƙauye da ke gindin duwatsun. Kafin su fara hawa Bawa ya tsaya ya dube shi.

"Doka guda zan ba ka. Abin da duk kag gani rataye bisa icce, mai shi na kusa. Kada ka taɓa."

Da suka kai ƙololuwa Mode ya manta da tsoro. Ƙasa ta buɗe masa har iyakar ganinsa, ciyawa ta yi ja, rafi na walƙiya a tsakiyar fadama. Ga garken gwanki na kiwo, ga barewa na tsalle, ga raƙuman dawa biyu suna cin ganyen da ko da tsani mutum bai kai gare shi ba. Mikiya na shawagi a ƙasa da ƙafafunsa. Sai tasbihi yake, hawaye na zuba, Bawa na yi masa tsiya. Mazo ne kaɗai bai fito ba.

Bayan azahar Bawa ya gangara wani kwazazzabo don ya cika salka da ruwa, ya ce Mode ya jira shi. Nan Mode ya waiwaya ya ga abin. Wani marke ne ya fito daga tsagar dutse, reshensa ya kwanto daidai ƙirjin mutum, a kan reshen kuma mazo ne rataye, sabon kisa. An cinye cikin, amma gadon bayan ko ƙwarzane babu. Rana na dukansa, kuma Mode ya san kafin gobe gashin zai fara zuba.

Ya tuna dokar sarai. Amma hannunsa ya riga ya shiga burgami. Ya ce a ransa, ai mai shi nama take so, me za ta yi da fata? Kafin a daka gero turmi ɗaya ya feɗe ta tas, ya naɗe ya cusa ƙarƙashin dakuwa, ya goge hannu da ƙasa, ya koma ya zauna kamar bai san komai ba.

Suna cikin gangarowa bika, manyan biran nan, suka fara haushi a kan duwatsu, haushin da ba na wasa ba. Can kuma suka yi tsit. Bawa ya tsaya ya karkata kunne.

"Damisa ta. Mi yat tashe ta da rana tsaka haka?"

Mode ya tsaya cak, ya dafa dutse. Bawa ya ɗauka gajiya ce.

"Kawo burgamin, kai ba ka saba ba. Wuce gaba, ni in tsare baya."

Kafin Mode ya buɗe baki tsohon ya zare burgamin ya rataya a kafaɗarsa ta dama, ya miƙa masa wuƙar da ta leƙo daga bakinsa don kada ta faɗi. Hanyar siririya ce, ciyawa ta kai kafaɗa hagu da dama. Mode ya waiwaya ya ga jini na ɗiga daga ɗinkin burgamin, ɗigo bayan ɗigo, a kan sawun Bawa. Ya san abin da ake bi, ya kuma san a bayan wa yake yanzu.

Kalma uku ce za ta fitar da su, amma ta maƙale masa. Yaya zai dubi mutumin da ya goya shi yana yaro ya ce ya taka doka ɗaya tak da aka ba shi? Ya ce bari su kai wancan dutsen sai ya faɗa. Suka kai, bai faɗa ba. Fitsari ya matse shi, yana jin numfashin tsohon a bayansa. Sai ciyawar dama ta motsa alhali babu iska, ya hango bakin wutsiya ya ɗaga ya sauka.

Ya ƙwala ihu, "Baba, yar da burgamin! Hwatar namanta na ciki, ni nah hiɗe ta!"

Bawa ya ɗago ya dube shi. Wannan kallon, da ya ɗauke idonsa daga ciyawa, shi damisar take jira. Ta dira a kafaɗarsa suka zube tare, igiyar burgamin ta harɗe masa hannu. Mode, wanda zakara ke kora, bai san lokacin da ya juyo ya yi kansu yana kururuwa ba. Ya datse igiyar da wuƙar fiɗa ya yi jifa da burgamin cikin ciyawa. Damisar ta yi masa wani gurnani da ya ji har cikin haƙoransa, ta juya ta bi burgamin ta ɓace. Ya yage rawaninsa ya ɗaure raunin, ya goyi tsohon har ƙauye, yana kuka yana salati.

Bawa ya rayu, amma hannun dama ya shanye, bai ƙara jan baka ba. Mode ya ɗauko shi daga Dundaye ya gyara masa ɗaki kusa da zaure. Labari ya bazu a Ƙofar Rini cewa Mode ya kori damisa da wuƙar fiɗa, har makaɗa na yi masa kirari a kasuwa, shi kuwa duk kirari ɗaya sai ya ji kamar an zuba masa garwashi. Bawa na ji, bai taɓa gyara labarin ba, ko ga Balaraba.

Wata rana Mode ya kasa haƙuri, ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ka hwaɗa musu gaskiya. Ko ka zage ni, in ji sanyi."

Tsohon ya dubi mataccen hannunsa a cinya.

"Ni nak kai ka, Mode, kuma na san halinka da hwata. Abu guda ad da ciwo gare ni. Duk wahalar ga da munka sha, ba ka ga mazo da rai ba."

Shekara tara Bawa ya yi a gidan kafin Allah ya karɓi abinsa. A shekarun nan duk wanda ya kawo fatar mazo, Mode kan nuna masa majemin gaba ba tare da ya taɓa ta ba. Sau biyar a rana kuma, ko yana tsakiyar jima, yakan wanke hannu ya ɗauki buta, ya je ya zuba wa tsohon ruwan alwala.