Ranar da Baba Ya Kai Ni Tsibiri

Ni dai ba na son ƙamshin gasasshen kifi. In na ji shi a bakin tasha sai in sake hanya. Kada ka ce tsirfa ce, tsaya ka ji.

Shekara biyu ko uku kafin Nasara su tafi, ina ajin ƙarshe a lakkol, makarantar bokon Faransa. Babana baduku ne a Birni, mutum mai shiru, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana jan zare da su. Ana gab da jarrabawar satifika, mushenmu, wato malaminmu, ya zo har rumfa ya ce masa, "Yaron nan yana da kai. In ya ci, gwamnati za ta ɗauke shi." Shi yabo yake yi. Bai san cewa ƙanen Baba ma ɗaukarsa aka yi, aka sa masa jar hula ta soja, ko takalminsa bai dawo ba.

Ranar jarrabawa da sassafe Baba ya tashe ni, ya ce mushe ya aiko an ɗaga sai mako mai zuwa. Ya ɗora ni a jaki muka bi hanyar Dogo. Da hantsi muka isa wani tafki da ba ya ƙafewa, inda kawuna yake lambu. A tsakiyar ruwan akwai tsibiri, ɗan tudu ne na farin rairayi da goriba da dabino kaɗan. Kawu ya kifa mana manyan goruna, muka rungume su muka haye.

Wallahi ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Babu kowa sai balbela. Bazara ce, gari yana ƙuna, amma a can rairayin inuwa sanyi ƙalau, har binne ƙafafuna na yi a ciki. Furen bado ya rufe gefe guda. Kawu ya kamo tarwaɗa ya gasa, ya barbaɗa yaji da gishiri. Baba ya tuɓe riga ya shiga ruwa, ya watsa mini, yana dariya har da tari. Ya jefo mini goriba, ya kwanta ya ɗora hula a fuska. Mutumin da ko ranar Salla sai ya taɓa basilla.

Da rana ta take tsaka Kawu ya yi suɓul da baka. Ya ce, "To yanzu ai sun gama rubutun nasu ko?" Baba ya harare shi. Na ji, na kuma gane sarai. Ga abin da har yau yake cina: ban yi kuka ba, ban tambaya ba. Na dubi ruwa, na dubi nisan gari, na dubi Baba yana miƙo mini tsokar kifi da ya cire wa ƙaya da hannunsa. Na karɓa na ci. Muka kai la'asar a wurin, har barci na yi.

Washegari mushe ya zo yana faɗa, rabi Hausa rabi Faransanci. Baba bai ɗaga kai daga fatar da yake yanka ba. Ya ce, "Ɗaya na ba su, ya isa." Shi ke nan. Na koma rumfa, hannuna kuma bai taɓa iya ɗinki ba.

Da aka samu mulkin kai, duk mai 'yar takardar nan ya zama wani abu. Yaron da nake gyara wa lissafi a aji, shi ne ya riƙe biro, ofishin da na samu aikin planto a ciki, mai gadin ƙofa da kai saƙo. In ya shigo sai in miƙe. Tafkin ma an ce ya janye, yanzu da ƙafa ake taka tsibirin, albasa ake nomawa.

Baba ya tsufa a hannuna. A ciwonsa na ƙarshe ya kama yatsuna ya ce, "Ka gani ko? Na tsare ka." Na ce, "E, Baba, ka tsare ni." Me zan ce wa mai shirin tafiya? Na gyara masa mayafi, na sa hulata, na tafi tsaron ƙofar mutane.