Murhun da ya kifar da tuwonmu

Har gobe, in haƙorina ya ci karo da tsakuwa a cikin abinci, sai in ajiye cokali. Ba ƙyama ba ce. Rairayin ƙauyenmu nake tunawa, can arewacin Mayahi, a shekarar da damina ta yi mana rowa, sojoji kuma ke riƙe da ƙasa.

Ina ƴar shekara tara a lokacin. Baba ya tsallaka Najeriya cirani, ya bar mu da inna da kakata. Rumbu ya daɗe da zama ɗakin ɓeraye, su ma ɗin sun gudu. Anza, ƴaƴan wani icen daji, muke jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. In an samu jar dawar taimako, inna kan auna ta da ido kafin ta auna da hannu.

Ana cikin haka sai ga mutanen wani porje, wato shirin taimako, da murhun ƙarfe, wai ba ya cin itace da yawa. Gaskiyarsu, itace ya yi wuya, har kashin shanu muke tsinta. Aka ce kwamanda zai zo da kansa ya ga gwaji, kuma inna aka zaɓa ta yi tuwo a gaban jama'a, da tukunyarta, da garinta. A zamanin nan, wa ya isa ya ce wa mai kaki a'a? Garin tiyarmu ta ƙarshe ta ɗauka.

Ka san tukunyar ƙasa gindinta zagaye ne. Duwatsu uku ke rungume ta, mai tuƙi ta sa ƙarfinta duka ba ta motsa ba. Shi kuwa murhun nan, don tukunyar birni mai shimfiɗaɗɗen gindi aka yi shi. Ruwa ya tafasa da wuri, aka yi tafi. Inna ta yi talge lafiya. Da ta zuba gari, tuwo ya fara kauri, ta danna muciya, sai tukunya ta goce. Ina ji ina gani abincinmu na kwana biyu ya kwanta a rairayi.

Tafinta ya juya ga kwamanda ya yi magana da Faransanci, sannan ya ce mana, "Matar ce ba ta iya ba."

Inna, wadda ake kira tuƙin tuwon biki har ƙauyukan maƙwabta! Ta sunkuyar da kai. Kakata ce ta dogara sandarta ta fito tsakiyar fili, ta durƙusa tana kwashe tuwon cikin ƙwarya, da zafinsa. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Wanda ya ƙera wanga abu, ya taɓa tuƙa tuwo?"

Tafinta bai fassara ba. Mun ci tuwon nan, yana ƙaras-ƙaras a baki, kuma inna ba ta ƙara yarda ta tuƙa na biki ba har ta koma ga Allah.

Ina jin haushin ranar ne ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, ya hana ni zama wuri ɗaya. Na koyi zane. Yau ƙungiyoyin agaji ke kirana in tsara musu kaya, in kawo musu sabuwar dabara. Na canja biro, wato wurin aiki, ya fi a ƙirga, kullum ina faɗa da masu zana wa talaka abin da ba su taɓa riƙewa ba. Har alfahari nake da tambayar kakata, ina jefa ta a taro ina kallon manya suna muzurai.

Bara na zana kurar ɗaukar ruwa mai cin jarka huɗu, don mata su huta da dakon kai. A kan simintin Yamai na gwada ta, da yatsa biyu ma tafiya take. Muka kai ta wani ƙauye wajen Hawandawaki. Wata mai goyo ta cika jarkunan a rijiya, ta tura, ƙafafun kurar suka nutse a rairayi. Ta sake turawa har zanenta ya kwance, mutane na kallo. Direbanmu ya ce, "Ba ta saba ba ne."

Wata tsohuwa ta dube ni, don ta ga ni ce mai jin Hausar gida. "Ɗiyata, wanda ya yi wanga abu, ya taɓa ɗebo ruwa nan?"

Na buɗe baki, sai na ji rairayi a haƙorina. Na tuɓe takalma, na karɓi kurar daga hannun mai goyon.

"Bai taɓa ba, inna," na ce. "Ni ce."