Kwalbar da Na Cika da Ruwan Famfo

Akwai wata Litinin a watan Maris na 2009 da har yau ba ta bar zuciyata ba, kuma ku da kuka kama aikin nan bayana ya kamata ku ji labarinta daga bakina.

A lokacin ina da shekara goma sha tara ina aiki a wata kolej, wato ƙaramar sakandare, a Minguettes, kudu da birnin Lyon a ƙasar Turawa. Aikina shara da wanke kayan ɗakin kimiyya da tura keken kaya zuwa aji. Karatuna aji shida ne a Maraɗi, amma na san kowane kabad na makarantar, har na fara ganin kamar gidana ne.

A shekarar aka kawo mana sabuwar malamar kimiyya, Madam Rakiya, 'yar Damagaram, sa'ar ɗiyata ta fari. Tana shekarar gwaji. A tsarinsu, sabon malami yakan yi shekara ɗaya yana koyarwa, mai duba malamai ya zo ya zauna a bayan aji ya rubuta rahoto. In rahoto ya yi kyau a tabbatar da kai, in bai yi ba ka maimaita, ko a sallame ka.

Darasin da ta shirya wa ranar shi ne fitar da ADN daga ayaba, wato sinadarin gado da ke cikin kowane mai rai. Kayan duk na kicin ne. A dame ayaba da ruwa da gishiri da ɗan sabulun wanke kwano, a tace da takardar tace kofi, sannan a tsiyaya alkol, wato sinadarin barasa, mai ƙarfi, mai sanyi ƙalau, a hankali ta gefen kofin gilas. Sai ka ga wani farin abu ya taso kamar yauƙin kuɓewa. Duk wannan daga baya na koya. A lokacin ban tambaya ba.

Ranar Juma'a na buɗe gidan ƙanƙara na firigon ma'aikata don in ɗauki miyar da matata take daskarar mini, sai na ga kwalbar alkol kwance a kan kwanona, da sunan Rakiya a jiki. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ɗiyar Musulmi, ta rasa inda za ta ajiye wannan abu sai kan abincina? Na san ba na sha ba ne, na kemis ne. Gaskiyar magana, abin da ya fi cin raina shi ne yarinya ta shigo jiya tana ajiye kaya ba ta tambaye ni ba. Na ɗauke kwalbar na kai kabad ɗin tsintsiya, inda bututun ɗumama gini ya ratsa. Na buɗe na shinshina, ban kuma rufe da kyau ba.

Litinin da safe ta tare ni a baranda.

"Baba Issufu, ina kwana. Yau ce ranar, a sa ni a addu'a. Ƙarfe goma ka kawo mini kwalbar nan daga firigo, kada ta daɗe a waje."

"Allah ya ba da sa'a, ɗiyata," na ce.

Na je kabad na tarar da kwalbar da ɗumi, ta ragu sosai. A nan ne na yi babban laifin. Maimakon in koma in faɗa mata, alhali da sauran awa biyu kuma akwai kemis a bakin titi, sai na cika ta da ruwan famfo har wuya na jefa a firigo. Na ce ai duk fari ne.

Ƙarfe goma na tura keke na tsaya a bakin ƙofa. Yara ashirin da wani abu sun dama ayabarsu, mai duba malamai yana baya da alƙalaminsa. Aka tsiyaya, aka jira. Babu abin da ya taso a ko kofi ɗaya. Wani yaro ya ce, "Madam, ayabarki marainiya ce, ba ta gaji kowa ba." Aji ya fashe da dariya. Ta ɗauki kwalbar ta shinshina, ta dube ni sau ɗaya, ta ajiye. Ta yi ƙoƙarin jan yaran su nemo dalili, amma aji ya riga ya kuɓuce mata.

Da rana shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce, "Issufu, ko wani ya taɓa kayan Madam?" Na ce ban ga kowa ba. Rahoto ya fito cewa ba ta shirya kayan aikinta da kyau ba kuma ba ta riƙe aji ba. Aka sa ta maimaita shekara a wata makaranta, daga baya na ji an tabbatar da ita an tura ta wajen Paris.

Sai a 2016, bayan na yi ritaya, na je suna a Clichy-sous-Bois, kusa da Paris, na gan ta cikin mata. Na aika aka kira ta. Bayan gaisuwa na ce, "Rakiya, akwai nauyin da nake ɗauke da shi." Na faɗa mata komai, ina kallon takalmina.

Ta ce, "Baba, na sani tun ranar. Na tsiyayi kofi guda na gwada ranar Alhamis, sai ga kwalba cike har wuya. Alkol ba ya haihuwa."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa Bature cewa dattijon garinmu ya yi haka, saura shekara kaɗan ya yi ritaya? Da wane ido zan dubi Inna Hajara?" Matata ke nan, wadda takan aika mata da tuwo. Ta ci gaba da cewa, "Ruwan na yafe shi tun a aji. Amma na jira ka a ɗakin malamai har ƙarfe shida, ina cewa Baba zai zo. Wannan ya ɗauke ni shekaru."

Ta ce ta yafe, na kuma yarda, amma shekarar da na ci mata ba ta dawowa.

Mu masu wanke kofi ba a rubuta sunanmu a rahoto, amma darasin malami ta hannunmu yake bi kafin ya isa aji. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambayi mai shi ko da jikarka ce. In kuma ka ɓata, ka faɗa kafin a buga ƙararrawa. Ni an ba ni awa biyu da safe, aka sake ba ni har ƙarfe shida, na kai shekara bakwai.