Maraicen da Sama Ta Yi Ja a Sansanin Tama

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da maraicen da sama ta yi ja ba. Lokacin ina aiki a wani sansanin tama cikin daji, yamma da Danja, ƙarƙashin Baba Nomau, Sarkin Tama. Ku da kuka tarar da ƙarfe a maƙera kuna ta bugu, bari in fara gaya muku yadda muke samo shi.

Aikin na rani ne. Da an kai amfanin gona gida sai mu fita. Akwai masu haƙo tama, wato jan dutsen da ƙarfe ke cikinsa. Akwai masu saran ƙirya su toya gawayi. Akwai masu gina murhu da laka, dogo ya fi mutum tsawo, da kafofin iska a gindinsa. Ni mai zubi ne, in hau tsani in zuba gawayi, in zuba tama, bi da bi. Sarkin Tama kaɗai ke ba da izinin kunna wuta, kuma in an kunna ba a buɗe murhu sai ya huce da kansa. Wanda ya buɗe da wuri ya yi asarar komai.

Baba Nomau Bamaguje ne, mu kuwa yawancinmu Musulmi. Kafin a kunna wuta yakan zaga bayan murhu ya yanka zakaransa, mu kuma mu yi sallarmu. Ba wanda ya taɓa damuwa da wani. Mai garin ƙauyen da ke kusa da mu ma abokinsa ne, kowace shekara daga hannun Baba Nomau ake samun ƙarfen garemani da fartanyoyin gari.

A ranin nan tamar ta yi wuyar samu, saboda haka duk abin da muka tara muka zuba a murhu guda. Aka kunna da azahar. Bayan magariba ina kan tsani, sai na ga hannuwana sun yi ja. Na ɗauka wutar murhu ce. Da na ɗaga kai, sai na ga arewa gaba ɗaya ta rine kamar an watsa jini. Cikin jan akwai wasu dogayen ginshiƙai na haske a tsaye, suna motsi a hankali kamar zanen da aka shanya iska na kaɗawa. Kuma ana hango taurari ta cikinsa.

A shekarun nan mahara kan faɗo daga arewa su ƙone garuruwa, don haka ba a jima ba muka ji gangar yaƙi daga ƙauye. Na sauko na ruga wurin Baba Nomau.

Na ce, "Baba, an ci wani gari da wuta."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gobara tana da hayaƙi, Tanko. Wannan ba shi da."

"To mene ne?"

"Ban sani ba."

Tunda nake tare da shi ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba.

Can wajen isha sai ga mai gari da kansa, jama'a na biye da shi da sanduna da gatura. Ashe da aka buga ganga mutanen ƙauyukan waje sun ruga su shiga ganuwa, aka yi turereniya a ƙofa, aka danne wata mata da goyonta. Ita ta tashi, ɗan bai tashi ba. Mahaya sun fita sun dawo, ba su ga mahari ko ɗaya ba. Sai wani ya nuna hayaƙinmu, ya ce jan sama da jan bakin murhu iri ɗaya ne, arne ya yi yanka ya kunna wa sama wuta.

Mai gari ya ja Baba Nomau gefe. Ina kusa, na ji komai.

Ya ce, "Sarkin Tama, a fasa murhun nan."

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ya fara haɗuwa. A bar ni zuwa safiya. In aka fasa yanzu, da me mutanenka za su yi noma bana?"

"Na san ba wutarka ba ce. Liman ma ya gaya musu ayar Allah ce, ba su ji ba. Ka dubi idanunsu. Uban yaron nan yana cikinsu. In ba a fasa murhu ba, kai za su fasa, kuma ba ni da ƙarfin hana su."

Baba Nomau ya juya ya dubi jama'a, ya dubi murhu. Ya ce in haka ne, ba baƙon hannun da zai taɓa shi. Ya karɓi gatarina, ya sa muka ja baya, ya sari gindin murhun da kansa. Laka ta tsage, garwashi da narkakken dutse suka kwararo ƙasa, zafi ya babbake masa gashin hannu. Bai daina ba sai da murhun ya zube.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya biyo baya. Garwashin bai gama mutuwa ba jan saman ya fara dushewa. Ginshiƙan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, arewa ta koma baƙa. Jama'a suka ɗau kabbara, suna cewa ai ga shi nan. Daga nan babu sauran magana. Da safe aka ce kada a sake kunna wutar tama a ƙasar garin.

Baba Nomau ya raba mana kayan aikinsa, ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, wajen ƙasar Zazzau. Da damina ta faɗi, mutane suka riƙa kawo tsofaffin garemani maƙera a yi musu faci. Na ga magidanta uku suna karɓa-karɓa da fartanya ɗaya. Gonaki da yawa ciyawa ta cinye su.

Sai da kaka wasu fatake suka sauka kasuwar Bakori, suka ce su ma sun ga jan saman a wannan maraicen, suna can cikin hamada, inda ko itacen girki babu, balle murhu. Mai gari ya aike ni in nemo Baba Nomau in ba shi haƙuri. Na yi ta tambaya har na sami ƙauyen da ya sauka. Matarsa ce ta fito, ta nuna mini kabarinsa a bayan gida. Ta ce tunda suka zo bai sake kusantar wuta ba, ko ta jin ɗumi.

Abin da na koya ke nan, yarana. Mai aikin wuta kowa na bukatarsa, amma a ƙasan zuciya tsoronsa ake ji. Muddin ana zaman lafiya, kai ne mai ba gari garma. Ranar da tsoro ya sauka, aka rasa wanda za a kama, hayaƙinka ne ake fara hangowa daga nesa. Ku riƙe sana'arku da kyau, amma kada ku ɗauka gaisuwar da ake muku a bakin maƙera za ta tsaya muku a irin wannan rana.