Rokar da ta riga wata fitowa

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, na taɓa sa ƙauyuka cin tuwon Sallah alhali azumi bai ƙare ba. Jikata ce ta matsa mini sai na ba ku labarin, kuma ita ce take buga shi a waya, saboda haka in kun ga kuskure ku tuhume ta, ban da ni.

Lokacin ina ajin ƙarshe na elementare a Isa, ana shirin kai mu jarrabawar shiga makarantar Midil a Sakkwato. Mahaifina maharbi ne, amma ba da farauta aka fi saninsa ba. Shi ne mai harba bindigar ganin wata, aikin da ya gada daga mahaifinsa. In liman da alƙali suka gamsu da shaidar waɗanda suka ga jinjirin wata, sai uban ƙasa ya aiko gidanmu, mahaifina ya hau wani tudu da ke bayan gida, can gabashin gari, ya harba sau ɗaya. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin abin ba. Babu rediyo a gidaje, balle waya. Maharbin ƙauyen da ke kusa in ya ji sai ya harba tasa, na gaba da shi ma ya amsa, haka labari zai yi ta tafiya daga bindiga zuwa bindiga har Turba, har ya nufi wajen Sabon Birni. Ba wanda yake tsayawa tambayar wa ya ga watan. Kowa ya san bindigar mahaifina ba ta tashi a banza.

Ba albashi ake ba shi ba, amma yana ji da aikin nan ƙwarai. Tun azumi na ashirin zai fito da bindigar tokar nan, ya shimfiɗa buzu, ya yi ta goge ta da mai. Mahaifiyata takan ce da ita ake kula haka da ta gode Allah.

Wata rana malaminmu ya shigo aji da shafin jarida, ya nuna mana hoton wani abu dogo mai tsini, wuta na fita ta ƙarƙashinsa. Ya ce sunansa roka, kuma Turawan wata ƙasa sun harba shi ya wuce gajimare. Abokina, ɗan wani maƙeri daga Turba wanda ke zaune wajen gwaggonsa saboda makaranta, ya matso ya raɗa mini, “Wanga abu ai kara na anka sa mai wuta ga gindi. Mu ma muna iya yin shi.”

Ni kuwa na yarda nan take, domin a wajen haɗa motar kara babu wanda ya kama ƙafarmu a unguwar. A ganinmu wanda ya iya mota mai ƙofa huɗu da sitiyari, roka ba za ta gagare shi ba.

Abokina ya ɗauki aikin jiki. Ya samo kara, ya yanko gwangwanin madara ya yi mata fikafikai, muka manne da ƙaro muka ɗaure da zare. Ni aka bar wa albarushi, tunda gidanmu ake da shi. Mahaifina yana ajiye nasa a cikin wani ƙahon saniya da ke rataye a ɗakinsa. Da cokali na fara ɗiba. Rokarmu ta farko ba ta ko tashi ba, ta yi ta huci a ƙasa, ta bi wata akuya da gudu, sannan ta ƙone ƙurmus. Ta biyu ta tashi tsawon mutum ta faɗo. Abokina ya duba tokar da kyau, yana kaɗa kai kamar yadda ya ga ubansa na yi a maƙera, ya ce kara ba ya da ƙarfi, sai gora, kuma albarushin ya yi kaɗan. A karo na uku ban yi ta cokali ba. Na juye ƙahon a tafin hannu, na ɗebi abin da ya kusa rabi.

Mun fi mako muna aikin ta ukun nan, cikin zafin bazara, ga azumi, don a shekarar muka fara yin shi cikakke. Har yau ina iya ganin ta. Abokina ya goge gorar sumul, ya yi mata hula mai tsini, ni kuma na rubuta mata lamba da tawadar makaranta, wai don ta yi kama da ta jarida.

Sai maganar ranar harbawa, kuma a nan ne wayonmu ya kai mu ya baro. Muka ce ranar ashirin da tara ga azumi, da an sha ruwa. A lokacin duk gari zai fita ya fuskanci yamma yana neman wata, mu kuma mu sulale gabas, mu wuce tudun bayan gidanmu mu gangara fadama, ba mai ganinmu. Ga shi gari ya fara rufawa, wutar za ta fito sosai. Mun yi lissafin idanun mutane tsaf, kunnuwansu ne ba su zo mana a rai ba.

Muka kafa ta a cikin yashi. Ni na kunna lagwanin, kuma da na ga kamar ya mutu sai na sunkuya in duba. Wuta ta wanke mini fuska, na faɗi zaune. Da na ɗaga kai, ga ta can tana tafiya.

Jama'a, ta tashi. Ta miƙe sak tana jan jelar wuta, ta wuce kan giginyar da ke bakin fadama, ta ƙara gaba, tana ƙanƙancewa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba, ko ranar aurena, uwargida ta yi haƙuri. Abokina yana tsalle yana kiran sunan uwarsa. Sai can a sama ta fashe, da ƙara guda ɗaya mai nauyi, irin wadda na tashi ina ji sau biyu a shekara.

Muka tsaya muna kallon juna. Daga cikin gari guɗa ta tashi, wata ta amsa, ganguna suka ɗauka. Jim kaɗan muka ji wata bindiga daga nesa ta arewa. Bayan ita wata, can ƙasa-ƙasa. Abokina ya ɗora hannu a ka ya ce, “Mun shiga ukku. Ta tahi Turba.”

Babu wanda ya ga wata a ranar. Bayan sallar isha'i mai shela ya zaga gari yana cewa gobe azumi, aka kuma tura mahaya ƙauyukan da ke kusa. Amma doki ba ya cim ma ƙarar bindiga. Na nesa suka wayi gari suka ci suka sha, suka sa sababbin kaya, wasu har Idi suka yi.

Da hantsi ɗan doka ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce ana kiran mahaifina a fada, ya zo da bindiga da ƙaho. Matsalar ita ce ƙarar ta fito ne daga gabas, inda kowa ya saba jin tasa. Kuma a irin wannan rana ba ya zuwa masallaci sallar magariba, a zaure yake yi shi kaɗai don kada manzo ya zo bai same shi ba. Ba shi da shaida sai matarsa.

Yana fita mahaifiyata ta kamo haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta ce, “Ina girarka ta tahi?” Na ce fitila ce. Ta daɗe tana kallona, sannan ta naɗe buzun mahaifina ta miƙo mini. “Ɗauka ka bi ubanka. Ka zamna inda shika ganinka.”

Zauren fada ya cika. Wani dattijo da ya taso daga ƙauye tun asuba yana ta faɗa, wai shekara sittin bai taɓa shan azumi da gangan ba, yau an sa shi ya sha hura da rana tsaka. Mahaifina ya durƙusa ya ce, “Ranka shi daɗe, ban halba ba. A shinshina bakinta.” Aka shinshina, sai ƙanshin mai. Wani ya ce ai mai goge bindiga kullum ba zai rasa goge ta kafin safe ba. Sai uban ƙasa ya ce a buɗe ƙahon. Mahaifina ya miƙa shi da saurinsa, yana cewa tun farkon azumi ya cika shi bai sake taɓawa ba. Aka zazzage a kan faifai, bai kai rabi ba.

Na ga fuskarsa a lokacin, kuma ba na fatan in sake ganin irinta. Ya dubi faifan, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya iso kaina a bakin ƙofa, rungume da buzu, goshina fayau babu gira. Ya tsaya a nan.

Magana ɗaya ce ta rage in yi. Na buɗe baki ma. Amma na san abin da ke jiran ɗan makarantar da aka kama da satar albarushi a zamanin nan, bulala a gaban jama'a, kora, kuma Sakkwato sai dai in ji ana faɗi. Na mayar da bakina na rufe. Ba yarinta ba ce, don na san abin da nake yi. Tsoro ne kawai.

Mahaifina ya kawar da kai daga gare ni ya ce, “Ranka shi daɗe, bindigata ba ta tashi ba, wanga na rantse. Amma albarushin nawa na, ni ad da alhakin tsaronai. Duk abin da anka yanke na ɗauka.” Alƙali ya tambaye shi wa ya ɗiba. Ya ce, “Allah shi gahwarta malam, ba ni hwaɗin abin da ban gani ba.” Aka yi juyin duniya bai ƙara ko kalma ba. A ƙarshe aka ce wanda bai iya tsare ƙahonsa ba, ba a bar masa azumin jama'a a hannu. Aka ba wani maharbi na yammacin gari aikin.

Muka dawo gida yana gaba ina baya. Da yamma, bayan an sha ruwa, ya zauna a zaure da bindigar a kan cinyarsa, don hannunsa ya riga ya saba. Aka ga wata. Ƙarar bindigar sabon maharbin ta tashi daga yamma. Ya saurara har ta mutu, ya ce, “Bai danna ta da kyau ba.” Sannan ya kira ni.

Na zo na durƙusa, na riga na sallama bayana ga bulala. Ya ce, “Abin naku, ya tashi?”

Na ce, “Ya tashi, Baba.”

“Har ina?”

“Ya wuce giginyar hwadama. Ya yi biyunta, ko ya hi.”

Ya shafa bindigar. “Da kara?”

“Da gora, Baba.”

Ya gyaɗa kai, kuma wallahi na ga yana danne murmushi. Ya ce, “To. Sai ka ci jarrabawa, kak ka sa in yi asara biyu.” A nan na fashe da kuka. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan Sallah ya ce za shi bi ƙauyukan nan da ƙafa ya roƙi gafara, ya tuna musu su rama kwana ɗaya. Ba wanda ya sa shi. Ya tafi da ni, ni ke riƙe da goran ruwa, kuma ko sau ɗaya bai nuna ni ya ce ga mai laifin ba. A Turba mahaifiyar abokina ta kawo mana hura, ta dubi goshina, ta dubi ɗanta da ke ɓuya bayan rumbu, ta ce ita dai bana Sallah biyu ta dafa, kuma ta san waɗanda za su yi mata surfe har kaka.

Na ci jarrabawar, na tafi Sakkwato, na yi shekaru ina koyar da yara kimiyya. Abokina ya gaji maƙerar ubansa, kuma har ya rasu in muka haɗu da girata yake fara gaisawa. Mahaifina kuwa ba a sake mayar masa da aikin ba. Ya ci gaba da goge bindigar duk azumi na ashirin har ƙarshen ransa, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin abin dariya, kuma akwai dariya a ciki. Sai da na haifi nawa na gane abin da mutumin nan ya ajiye a kan faifan nan saboda ni. Ina kewar zamanin, ina kewar fadamar da giginyar, ina kewar ranar da gora ta tashi sama a hannunmu. Amma da za a ba ni minti ɗaya in koma, ba fadama za ni ba, zauren nan za ni in buɗe baki.

Yanzu a waya ake jin an ga wata. Duk da haka, ranar ashirin da tara in an sha ruwa, jikokina sukan fita su fuskanci yamma suna nuna sama. Ni nakan zauna a ƙofar gida, kunnena na gabas, ina jiran bindigar da ni na hana ta tashi.