Taken Da Kwamfuta Ta Yi Ta Maimaitawa

Surukina mahauci ne, kuma ba da baki yake gaya wa mutum matsayinsa ba, da nama yake gaya masa. Duk Juma'a yakan aika wa 'ya'yansa mata ƙunshi. Gidan mijin babbar 'yarsa, mai shagon siminti, tsoka ake kaiwa. Ni da na zo daga Zariya, nake haya a unguwar Chaza, nake bin motar Abuja kullum in je in danna kwamfuta, shekara huɗu ƙashi da jijiya nake samu. Matata takan ce ai ƙashi ya fi daɗin romo. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ban dai taɓa faɗa ba.

Da aka sa ranar auren ƙanwarta, aka fara maganar kai wa 'yan situdiyo su yi wa amarya waƙa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ni zan haɗa ta a gida. Surukina ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "To. Amma 'yar mahauta ba ta fita babu kalangu."

Sati biyu na yi ina zaɓen manhajar ɗaukar sauti kamar mai zaɓen ragon layya. Ta farko kyauta ce, tana ɗaukar murya layi-layi, ka ɗora ta 'yan amshi a kan ta mawaƙi, amma in kana son kiɗan minti biyar sai makaɗi ya yi minti biyar cur bai kauce ba. Ta biyu cike take da shiryayyen kiɗan ganguna, sai dai duk na Turawa ne. Na kunna wa matata ɗaya, ta ce kamar kwanuka sun zubo daga bene. Ta uku kuwa, ɗan guntun kiɗa za ka yanko, ka ja shi, ta yi ta maimaita shi har inda ka ga dama. Ban tsai da shawara ba sai da makaɗin kalangun da na gayyato ya zo.

Tsoho ne, tun kafin a haifi matata yake yi wa mahautan garin kiɗa. Ya zo ranar Asabar da hantsi. Na rataye bargo a taga, na kashe fanka, na sa masa abin ji a kunne, wanda ke ƙas, ƙas, ƙas don mai kiɗa ya daidaita gudunsa. Ya zare shi.

"Wane ne wannan mai ƙwanƙwasa ƙofa?"

"Baba, shi za ka riƙa bi."

"Ni zan bi shi? Ɗana, ni mutane nake bi. In mutum ya taso in ƙara wuta, in ya tsaya in ja."

Haka ya yi ta kiɗansa, nan ya ruga, nan ya yi tafiyar hawainiya, har gumi ya jiƙe mu duka. Da ya tafi na zauna ina saurara, kaina ya ɗau zafi, don babu muryar da za ta hau kan wannan. Can a tsakiya sai na ci karo da bugu takwas, santala-santala, daidai wa daida. Nan take manhaja ta uku ta ci zaɓe. Na yanko su, na ja su sau arba'in da takwas. Wani abokin aikina Bakano ya rera waƙar, ya kuma yi wa kansa amshi a layi na biyu. Matata tana gidansu wajen hidimar biki, ba wanda ya ji sai mu biyu, baƙi. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Ashe har kunnen ma ba shi da shi.

Abin da ban sani ba shi ne kowane babban mahauci yana da takensa, ɗan kiɗan da in an buga shi kaɗai ake nufi, kuma dole ya miƙe ya yi jinjina. A wajen biki, mai gida ne ke cewa a buga na wane.

Ranar ɗaurin aure, bayan Azahar, mahauta sun cika rumfuna, na jona kwamfuta da sifika na kunna. Surutu ya ɗauke ɗif. Can a kujerar ƙarshe wani dattijo mai sanda ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga hannu, ya zauna. Wan surukina ne. Shekara tara ba sa ga maciji da juna saboda rumfar kasuwa da suka gada, ya zo ne kawai don kada a ce bai zo ba.

Bai gama gyara zama ba kiɗan ya dawo. Ya sake miƙewa. Ya zauna, ya dawo. Gwiwoyinsa har ƙara suke yi. A na shida ya haƙura da kujerar, ya tsaya da hannu a sama.

Tsohon makaɗin yana gefena, dariya ta hana shi numfashi. Ya ce, "Ɗana, duk cikin abin da na buga, taken wa ka je ka yanko?"

Na kai hannu zan kashe, ya damƙe ni. "Kul. Yanke take a tsakiya zagi ne."

Kwamfuta kuwa ba ta san kunya ba, ba ta san gajiya ba. Surukina yana mini irin kallon da yake yi wa sa kafin a kayar da shi. Na riga na sallama har ƙashin Juma'ar.

Sai dattijon ya taka da sandarsa, ya ratsa rumfuna uku, ya tsaya gaban ƙaninsa. Ya ce, "Ya isa haka, na ji. Ai sau ɗaya ma da ya wadatar."

A gaban mutane surukina zai ce ba shi ya sa ba? Ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya ce, "Yaya." Sauran waƙar ba wanda ya saurara, har amaryar.

Ranar Juma'a da la'asar surukina da kansa ya kawo ƙunshin. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Sau nawa na'urar taka ta buga?"

"Arba'in da takwas, Baba. Kuskure ne, wallahi ban..."

"Ban tambaye ka ba." Ya gyara riƙon ƙunshin. "Ni shekara tara ina neman yadda zan sa a buga shi sau ɗaya, na kasa."

Ya miƙo mini, ya juya. Matata ta kwance ƙunshin, tsokar cinya ce zalla. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta share ido da bakin zani, ta ce, "To yau da me zan yi romo?"