Hannun Rahila

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen damina, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki, ina da shekara tara ko goma. Ina tsaye a rumfar kafintoci ta kamfanin da ke gyaran gadojin hanyar Kontagora, riƙe da injin huda katako da hannu biyu, yana kakkarwa kamar zai fizge min kafaɗu. A gabana ƙawata Rahila ce, hannunta na dama a kan teburin aiki, tsinken injin ya shige bayan hannun yana ci gaba da juyawa. Na ga bakinta a buɗe, amma ƙarar inji ta hana ni jin muryarta. Abin da na fi tunawa shi ne garin katakon da ke ƙasa, yadda ya riƙa shanye jinin yana zama dunƙule-dunƙule. Ban saki injin ba. Ban san yadda ake kashe shi ba, kuma bai zo min a rai cewa kashe shi ake yi ba.

Mahaifina kafinta ne, ɗan gidan malamai a cikin gari, shi kaɗai a ɗakinsu ya bar allo ya kama zarto. Da kamfanin ya zo, shi suka ɗauka yana yanka musu katakon gada. Mahaifin Rahila kuwa, Baba Bulus, mutumin wajen Rijau ne, Kirista, shi ke kula da injin wutar da ke ba rumfar lantarki. Ɗaki biyu suka kama a bayan gidanmu, katangar zana ce kawai tsakaninmu, kuma akwai wata kafa a ƙasanta da muka faɗaɗa da hannu har ta isa mutum ya rarrafa. Ta nan Rahila ke shigowa tun da safe mu yi surfe tare, ita da taɓaryar innarta, ni da ta Inna, sannan mu ɗauki tuluna mu gangara rafi. Da damina mukan bi mata tsintar kaɗanya, mu dawo baki duk danƙo. Da kaka muna gonar kakana muna tsinkar gyaɗa, rabi a kwando rabi a ciki. Hausarta irin ta mutanensu ce, takan ce "Inna ya kira ki," mu yi mata dariya, ita ma ta yi. A elementare layinmu ɗaya, kuma a wasan carafke babu yarinyar da ke kama ta. Takan cilla dutse sama ta kwashe biyar a ƙasa ta cafe shi kafin mu ƙifta ido.

A shekarar nan jigida ce ta shiga ranmu. Wata yayarmu da ta yi aure wajen Mashegu ta aiko da ɓawon kwakwa cikin ƙwarya, muka riƙa fasa shi ƙanana muna gogawa a dutse har ya yi zagaye. Hudawar ce wahala. Sai mun sa ƙusa a murhu ta yi ja, mu danna, hayaƙi ya shiga ido, kuma cikin uku biyu fashewa suke yi. Wata guda muna yi ba mu tara abin da zai zagaye wuyan hannu ba, balle ƙugu.

Injin hudar nan kuwa mun sha ganinsa idan mun kai abincin rana. Abu ne mai nauyi, launin toka, da doguwar waya baƙa da ta tafi har ɗakin injin wuta. Babana yakan ɗaure katako a wani ƙarfe mai baki biyu da ke manne da tebur, ya naɗe hannun rigarsa, ya danna, kafin ka ce me rami ya fito ta ɗaya gefen. Na ji shi ba sau ɗaya ba yana gaya wa leburori, "Abin da za ku huda kada ku riƙe shi da hannu, ku ɗaure shi." Yakan kuma ce, "In kun ajiye shi, ku zare waya." Na ji duk wannan, amma na ɗauka magana ce ta manya da katakon gada, ba ta shafi ɗan ɓawon kwakwa ba.

Ranar nan Baba ya makara, ya yi alwala cikin sauri ya bi sauran zuwa masallaci, ya bar wayar a haɗe. Injin wuta na aiki saboda ana cika batirin motoci, Baba Bulus kuma ya zagaya rijiya ɗebo ruwan da ake zuba masa. Muka ajiye kwanukan abinci muka ga babu kowa. Ni na kawo shawarar. Rahila ta ce tana tsoro, na ce mata ai ɗaya kawai za mu gwada. Ta kwance bakin zanenta ta ɗauko ɓawo ɗaya, ta danne shi a tebur da yatsa biyu. Na ɗaga injin da ƙyar, na tura makunnin da babban yatsa, irin wanda in an tura shi yake tsayawa ne. Tsinken ya taɓa ɓawon ya zame.

Baba Bulus ne ya shigo da gudu ya fizge wayar. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. Ya ɓamɓare yatsuna daga jikin injin ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa tsinken baya da hannu har ya fita, ya naɗe hannun 'yarsa da rigarsa ya saɓa ta a kafaɗa. Na tsaya na ɗauki kwanukan biyu na koma da su gida. Inna ta tambaye ni me ya sa abinci ya dawo, na ce ba su ci ba. Na zauna na ƙarasa tsince shinkafar da na bari. Da labari ya iso, mata suka cika tsakar gida, wata gwaggona ta leƙa fuskata ta ce, "Wannan yarinya ko ɗigon hawaye babu." Gaskiya ta faɗa. Na neme shi a cikina ban samu ba. Na ci tuwona, na yi barci.

Malamin asibiti ya wanke ciwon da aidin ya ɗinke. Hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya riƙe ta kwanaki, innarta na zaune bakin ƙofa tana waƙar cocinsu a hankali da harshensu. Inna takan dama kunu ta ba ni in kai, sai in miƙa ta kafar zana in juyo. Ban shiga ba ko sau ɗaya. Daga baya kumburin ya sace, ciwon ya rufe, amma yatsa biyu na tsakiya suka sandare a miƙe, ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Baturen da ke kan aikin ya ce laifin mai inji ne da ya bar wurin ba kowa. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya je ya same shi, ya ce shi ne ya bar waya a haɗe, kuma 'yarsa ce ta kunna. Baturen ya saurara ta bakin tafinta, sannan ya sallami Baba Bulus ya bar Baba, domin babu wani kafintan da ya iya katakon gada, mai inji kuwa za a aiko da wani. Baba ya dawo ya zauna a zaure har la'asar. Ina jiran bulala, har na fi son ta zo. Bai dake ni ba. Ya kira ni ya ce, "Ladi, ke kika kunna, ni na bari. Kowa ya riƙe nasa." Daga ranar nan, kullum zai bar rumfa sai ya zare wayar ya naɗe ta ya sa a jakarsa ya taho da ita gida. Takan kwana a rataye a ƙusar ɗakin Inna, ina ganinta.

Ranar da za su koma Rijau, an ɗora tabarmi da tukwane a bayan motar kaya, Rahila ta zo ta tsaya kusa da ni a ƙofar gida. Ta miƙo min hannun. Tabon ƙarami ne, zagaye, bai kai anini ba. Ta ce, "Taɓa ki ji." Na taɓa. Ta ce, "Ba ya zafi. Ba na jin komai a nan." Na ce to. Ta zaro duwatsun carafkenta guda shida ta zuba min a tafi da hannun hagu, direba ya yi oda, ta tafi. Na koma ciki na ci gaba da wanke-wanke.

Yanzu duk titin da ka bi a Kontagora za ka ji kukan injinan nan a shagunan masu walda da kafintoci. Matasa na yanka ƙarfe sun taka shi da silifa, wuta na tartsatsi a fuskarsu babu tabarau, yara na wasa kusa da wayar. Wani lokaci nakan tsaya in ce su ɗaure abin, su kori yaran, su ce to Hajiya, su jira in wuce. Jikokina kuma sun ce da wayar salula babu wanda ba a samowa, sun tambayi sunan mahaifin Rahila da ƙauyensu. Sunan ƙauyen ban taɓa sani ba. A zamaninmu wanda ya hau mota ya tafi ke nan, kuma yarinya ba ta san cewa akwai maganar da in ba a faɗa a ƙofar gida ba, ba za a sake samun wurin faɗarta ba. Ina da shekara kusan tamanin, har yau ban ce mata ta yafe min ba.